Amsoshin Tambayoyinku: Tukunyar Iska Ɗaya Ko Biyu?

Wani mai sauraronmu daga Wudil, ɗan gidan masunta, zai je koyon nutso da tukunyar iska. Yana tambaya: ɗaya zai goya ko biyu?

To Malam, fara da ɗaya. Tukunya mai lita 12 ta ishi ɗan koyo, domin a matakin farko ba a wuce zurfin mita 18. Biyu kuwa sai masu dogon nutso cikin kogo ko jirgin da ya nutse, masu buƙatar iskar ko-ta-kwana. Ga nauyi, ga bawul da sai hannu ya saba.

Ko ka san Kogin Wudil kamar tafin hannunka, kada ka nutsa ba malami. Kada kuma ka riƙe numfashi yayin tasowa, domin iskar na kumbura ta ji wa huhu rauni. Allah ya tsare.