Amsoshin Tambayoyinku: Mastas ko Digiri na Uku a Ƙididdiga?

Tambaya: Malam, ilimin halittu na karanta a digirina na farko. Aiki ya haɗa ni da tattara bayanan asibitoci, har sha'awar ƙididdiga ta kama ni. Na haura shekara talatin, ga iyali. In nemi mastas ne, ko in doshi digiri na uku kai tsaye?
Wata mai karatu, Zariya

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari. Sauya fanni kada ya tayar miki da hankali. George Box, ɗaya daga cikin manyan malaman ƙididdiga na ƙarni na 20, da ilimin sinadarai ya fara. Gwaje-gwajen da aka ɗora masa a rundunar sojan Birtaniya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ne suka tilasta masa koyon ƙididdiga da kansa, sai a 1953 ya samu digiri na uku a Landan.

Shawarata ita ce ki fara da mastas. A nan gida ma tsarin ya yanke miki hukunci, domin jami'o'inmu ba sa ɗaukar ɗalibin digiri na uku sai da na biyu a hannunsa, kuma wanda ya fito daga wani fanni galibi sai ya fara ratsa difloma ta PGD. A Amurka kuwa ana iya tsallakewa daga digiri na farko zuwa na uku. Can wajen shekara biyar ake yi, yawanci jami'a ta ɗauke kuɗin makaranta, ta biya ɗalibi alawus shi kuma yana taya koyarwa. Amma a shekara ta farko ko ta biyu akwai jarrabawar tantancewa mai zafi, kuma lissafi ne ke kayar da mutane a cikinta.

Nan fa gizo ke saƙa. Mai mastas kamar tela ne, yadin da ke kasuwa yake yankawa ya ɗinka abin da ake buƙata. Mai digiri na uku kuwa masaƙi ne, sabon yadi ake jira daga hannunsa. Za a nemi ki ƙirƙiro hanyar nazari da babu ita a da, ki kuma tabbatar da ingancinta da hujjar lissafi, mataki bayan mataki. Iya sarrafa manhajar SPSS ko R ba ya shirya mutum ga wannan. Ana buƙatar kalkulas mai zurfi, da aljabrar matiris, da ilimin yiwuwar aukuwar abubuwa. Ki samo littafin Casella da Berger, wanda ake koyarwa da shi a manyan jami'o'i da yawa, ki zauna da atisayen babobinsa na farko na 'yan makonni. Idan wahalar tana ƙara jawo ki, alama ce mai kyau. Idan kuwa zuciyarki na komawa kan bayanan asibitin nan, da tambayar me ya sa ƙyanda ta fi kama yaran wata unguwa, wannan ma amsa ce, kuma ba abin kunya ba ce.

Aikin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, ko bankuna, ko shirye-shiryen kiwon lafiya, mastas ya wadatar. Wanda ke son ya tsufa yana koyarwa a jami'a ko ya jagoranci bincike, shi ne digiri na uku ya zame wa dole.

Akwai kuma hanyar da nake ganin ta fi dacewa da ke: ƙididdigar lafiya, inda ilimin halittun da kika karanta zai zame miki jari. Cibiyar AIMS ma, mai rassa a Afirka ta Kudu da Senegal da Gana da Kamaru da Ruwanda, tana ba da mastas na lissafi kyauta, sai dai tana duba yawan lissafin da ke cikin digirin mai nema.

Duk inda kika samu, ki zaɓi mastas mai rubuta kundin bincike, ki ɗauki darussan ka'ida ko da ba a wajabta su ba. Malamin da ya duba kundinki shi zai rubuta miki takardar shaida ranar da kika tashi neman digiri na uku.