Wasan Bidiyo da Lafiyar Hankalin Matasa: Magani ne ko Cuta?

Ya kai uba, ya ke uwa, wannan darasi naku ne. Yau salula ta shiga ƙauyuka, kuma kun sha ganin yara sun yi da'ira a gindin bishiya, kowa ya zuba ido ga ɗan gilashi guda. Wani uba ya ƙwace salular ya fasa, wani kuma ya ƙyale yaro da ita har asuba. Kafin ku yanke hukunci, ku karanta abin da likitoci suka gano.

1. Hankali ma yana ciwo

Kamar yadda ciki da ƙirji suke ciwo, haka hankali yake yi. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda muke kira OMS, ta ce cikin kowane yara 7 masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya yana fama da wata damuwa ta hankali. Waɗanda suka fi yawa su ne fargaba marar dalili da ciwon baƙin ciki.

Labarin zuciya a tambayi fuska. Ku lura da yaron da ya yi mako 2 ko fiye yana haka:

- ya daina jin daɗin abin da yake so a da;
- ba ya barci, ko kuma barci ya yi masa yawa;
- ya rage cin abinci, yana ramewa;
- yana keɓe kansa, yana saurin fushi ko kuka;
- yana cewa shi ba shi da amfani.

Wannan ba lalaci ba ne, ba kuma taurin kai ba. Ciwo ne, kuma yana da magani.

2. Wasannin da aka yi domin magani

A ƙasar Niyu Zilan, likitoci na jami'ar Okland, ƙarƙashin Farfesa Sally Merry, sun ƙirƙiro wani wasa mai suna SPARX domin matasa masu ciwon baƙin ciki wanda bai yi tsanani ba. Wasan yana da mataki 7, kowane mataki kamar rabin awa. Yaro yana zaɓen mutumin da zai zama a cikin wasan, ya shiga wata ƙasa da duhu ya rufe. A can yana yaƙi da wasu baƙaƙen ƙwari waɗanda suke a matsayin mugun tunani, irin wanda yake ce wa mutum kowa ya ƙi shi. A hanya yana koyon jan numfashi a hankali, da warware matsala ɗaya bayan ɗaya, da musanya mugun tunani da na gaskiya. Waɗannan su ne darussan da mai ba da shawara yake koyarwa baki da baki.

A shekara ta 2012 aka buga sakamakon gwajinsa a kan matasa 187 masu shekara 12 zuwa 19. Rabi sun yi wasan, rabi sun sami kulawar da aka saba. Wasan bai gaza kulawar da aka saba ba. Kimanin 44 cikin 100 na masu wasan sun warware, su kuwa ɗaya ɓangaren kimanin 26 cikin 100.

A Amurka, a shekara ta 2020, hukumar kula da magunguna ta amince da wani wasa mai suna EndeavorRx domin yara masu shekara 8 zuwa 12 waɗanda suke da ciwon rashin natsuwa da kasa mai da hankali. Likita ne yake rubuta shi kamar ƙwaya: minti 25 a rana, kwana 5 a mako, har mako 4. Ana haɗa shi da sauran kulawa.

A Ingila kuma, a wani asibiti na birnin Oksfod, an gwada tsohon wasan nan Tetris, na jera tubala masu faɗowa. Manya 71 da suka yi haɗarin hanya aka gwada, cikin awa 6 bayan haɗarin. Waɗanda suka ɗan tuna haɗarin sannan suka yi wasan na kimanin minti 20, hoton haɗarin bai riƙa faɗo musu a rai da yawa ba a makon farko kamar sauran. Masu binciken sun ce sashen ƙwaƙwalwa da yake ajiye hoton tsoro shi ne yake aikin jera tubalan, don haka ba ya samun sararin kafa hoton sosai.

3. Abin da ya kamata ku gane

Ku dubi abin da ya haɗa waɗannan uku. Akwai awo, akwai lokacin farawa da na gamawa, kuma akwai ma'aikacin lafiya da yake lura. SPARX da Ingilishi aka yi shi domin matasan ƙasar can, EndeavorRx kuma sai da takardar likita. Wasan ƙwallo, na tseren mota da na harbi da masu cajin salula suke zuba wa yaranku, ba domin magani aka yi su ba. Kada wani ya karɓi kuɗinku da sunan zai saka muku wasan warkar da hankali.

Duk da haka wasa na yau da kullum yana da nasa amfani in an yi shi da awo. Yana hutar da zuciya, yana haɗa yaro da abokai, yana ɗauke hankalin marar lafiya daga zafi lokacin wanke gyambo ko ƙuna. Kakanninmu ma sun san haka, shi ya sa akwai dara, langa da gaɗa.

4. In wasa ya zama cuta

Maganin da ya wuce awo guba ne. A shekara ta 2019 OMS ta sa jarabar wasan bidiyo cikin jerin cututtuka. Alamunta uku ne:

1. Yaro ya kasa tsayawa ko da yana so.
2. Wasa ya sha gaban karatu, gona, abinci da zumunci.
3. Ya ci gaba ko da yana ganin ɓarnar da wasan yake yi masa.

Yawanci sai abin ya kai wata 12 yana lalata rayuwar yaro kafin likita ya kira shi cuta. Kaɗan ne cikin masu wasa suke kaiwa nan. Sau da yawa kuma yaron da ya nutse cikin wasa wani abu yake gudu: faɗa a gida, duka a makaranta, mutuwar wani nasa. In kun ƙwace salula kawai, ciwon yana nan.

Ku yi hattara da wasan da ake zuba kuɗi a ciki domin a ci riba. Wannan caca ce, kuma tana jawo bashi da sata.

5. Abin da za ku yi a gida

- Ku zauna kusa da yaro ku ce ya nuna muku wasan. Yaron da ba ya iya kallon idon babansa yakan buɗe baki in suna kallon abu guda.
- Ku yanka lokaci tare da shi: bayan aiki da karatu, ba kafin su ba.
- Kada salula ta kwana a shimfiɗarsa. Matashi yana bukatar barcin awa 8 zuwa 10.
- Ya motsa jiki aƙalla awa 1 kowace rana.
- Ku ma ku ajiye taku salular lokacin cin tuwo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma yaro abin da ya gani yake bi.

6. Lokacin zuwa asibiti

Ku kawo yaro in alamun da muka lissafa sun wuce mako 2, ko in yana shan taramol ko wata ƙwaya, ko yana jin muryoyin da babu mai jin su.

In ya ce gara ya mutu, ko ya yi wa kansa rauni, ku kawo shi a ranar nan. Kada ku bar shi shi kaɗai. Ku kulle maganin ƙwari na gona, da ƙwayoyi, da igiya. Ku tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa; tambayar ba ta sa masa tunanin, sauƙi take kawo masa. Kada ku doke shi, kada ku ɗaure shi da mari.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Waɗanne abubuwa uku ne suka bambanta wasan magani da wasan da yake cikin salular ɗanka?
2. Faɗi alamu uku na jarabar wasa.
3. In ɗan maƙwabcinka ya ce ya gaji da duniya, me za ka fara yi?