Darasi Na 14: Ƙwayoyin Cuta Masu Taurin Kai

Jama'a, akwai wani magani, sunansa kolistin. Likita ba ya ɗauko shi sai sauran magunguna sun kasa.

A shekarar 2015 masana a ƙasar Sin suka sami ƙwayoyin cuta a cikin aladu, waɗanda ba sa jin kolistin. An daɗe ana zuba shi cikin abincin dabbobi don su yi ƙiba. A 2017 aka hana.

To, ina ruwanmu? Mu ma muna ɗura wa kajinmu magani barkatai. Ƙwayoyin da suka tsira su fita cikin kashin kaji, mu kai gona taki. Da damina ruwa ya kwashe su zuwa rafi da rijiya marar murfi, suna miƙa wa 'yan'uwansu taurin nan. Mu ɗebo, mu sha. Ranar da yaronmu ya kwanta asibiti, sai maganin ƙarshe ya ƙi ci.