Allo da Ƙwaƙwalwa: Binciken Daniel Wagner a kan Hadda

Duk wanda ya bi ta ƙofar makarantar allo a Daura ko Mai'aduwa da asuba, zai ji yara suna ta nanata karatu da ƙarfi. Mutane da yawa sun ɗauka cewa yaron da ya taso a haka, ƙwaƙwalwarsa za ta riƙe duk abin da aka zuba mata. Shin haka abin yake?

Wani Ba'amurke mai suna Daniel Wagner ya bi diddigin wannan tambaya. Asalinsa injiniya ne. Ya yi aikin sa-kai a ƙasar Maroko, inda ya ga almajirai irin na ƙasar Hausa da allunansu. Daga baya ya koma ilmin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Michigan, ya kuma sake komawa Maroko don binciken digirinsa na dakta. A sakamakon da ya wallafa a 1978, almajiran ba su fi 'yan boko tuna hotunan da aka gwada su da su ba. Sai a 1981 Sylvia Scribner da Michael Cole suka fito da wani ɓangaren, daga bincikensu a cikin ƙabilar Vai ta Laberiya: masu karatun Alƙur'ani sun yi fice idan aka ba su kalmomi a jere, ana ƙara ɗaya bayan ɗaya, wato daidai yadda ake ƙarin karatu a allo. Ashe ƙwaƙwalwa tana ƙwarewa ne a kan irin aikin da aka horar da ita.

Dabarar da ta fi muhimmanci a makarantar allo kuwa, sau da yawa ba a lura da ita. Ba a barin yaro ya wanke allonsa sai ya kawo haddar a gaban malam ba tare da dubawa ba, sannan ya riƙa tilawar na baya. Tun a 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko, kuma maimaici a rarrabe ya fi na zama ɗaya. A 2006 Roediger da Karpicke suka gano cewa ɗaliban da suka rufe takarda suka gwada tunowa sun fi waɗanda suka yi ta sake karantawa, da aka jarraba su bayan mako guda.

Abin takaici, ɗalibin da ya saba da wannan tsari tun yana ƙarami shi ne yake watsar da shi a sakandare, ya tara darasin zango guda sai daren jarrabawa, ya kuma hana idonsa barcin da ƙwaƙwalwa ke bukata don adana abin da ta koya.