Yatsanka Ma Harshe Ne

Karatu: Yaƙub 3:1-12, Fitowa 23:1

Ɗan'uwa, a 2001 wayar salula ta shigo Najeriya. Yau mai rake a Makarfi da mai tumatir a Ikara kan ji farashin Legas tun mota ba ta tashi ba. Mun gode wa Allah.

Amma ka yi shiri. Yanzu akwai manhajar da ke kwaikwayon muryar mutum, har ta fastonka, ta faɗi abin da bai taɓa faɗa ba. Wata rana irin wannan saƙon zai faɗo zauren WhatsApp na matasa ko na zumuntar mata: wai an kai hari ƙauye kaza, a tura wa kowa. Mu da muke katanga ɗaya da maƙwabtanmu Musulmi mun san abin da "wai" ke haifarwa kafin gari ya waye.

Yaƙub ya kwatanta harshe da wuta. A zamaninsa sai an buɗe baki, kai kuwa dannawa kawai za ka yi. "Turo mini aka yi" ba hujja ba ce a gaban Ubangiji. Kira wani a ƙauyen tukuna, ka tambaya.

Addu'a: Ya Ruhu Mai Tsarki, ka riƙe hannuna kafin in tura. A cikin sunan Yesu, amin.