Ga Ɗana da Ya Karɓi Makullin Tsohuwar Kat-kat

Ɗana, makulli dai na ba ka, amma da sauran magana. Ranar da ka zo ɗaukar motar gida cike yake da baƙi, kuma na ga ɗoki a idonka, na san duk abin da na faɗa iska ce za ta kwashe. Shi ya sa na zaunar da ƙanenka ya rubuta maka wannan, tunda idona ya fara hazo, wanda shi ne ma ya raba ni da sitiyari.

Motar nan ta girme ka. Suzuki ce ƙirar SJ413, wadda aka fara fitarwa daga Japan a 1984. Ni kuwa a Maraɗi na saye ta, ta hannu, cikin waɗanda ake shigowa da su ta Kwatano, bayan karyewar sefa ta Janairun 1994, lokacin da sabuwar mota ta fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci irina. Abokan aiki suka yi ta yi mini ba'a, wai na sayo akwatin ashana. Ban tanka ba. Sai ranar da muka shiga jigawar arewacin Mayahi, manyan motoci suka nutse har ciki, tawa kuwa da nauyinta bai kai tan ɗaya ba ta bi sawun amalanke ta wuce su. Tun daga nan ba'ar ta ƙare. Da ita na zaga Korgom da Maijirgi da Urafan da Kanambakashe da Sarkin Hausa, damina da rani, har na yi ritaya.

Ka riƙe wannan tun yanzu: ba shekaru ke kashe irin wannan mota a ƙasarmu ba. Ƙura ce da zafi da "bari sai gobe". Kuma ba ta taɓa faɗuwa ba sai da ta yi gargaɗi. Ni ne wani lokaci ban saurara ba.

Ƙura ita ce ta farko. Injin mota iska yake shaƙa kamar mutum, iskarmu kuwa daga shigowar hunturu zuwa faɗuwar ruwa gari ce zalla. Wannan rairayin mai laushi in ya wuce matatar iska, cikin injin yake shiga ya riƙa cin ƙarfe sannu a hankali, har ka ga mota ta fara shan baƙin mai tana fitar da shuɗin hayaƙi. Duk ranar da ka dawo daga daji, buɗe akwatin matatar, ciro ta, ka kaɗe ta a hankali. Ta takarda ce, kada ka wanke ta da ruwa ko da mai. In ka ɗaga ta ga rana ka ga huda ko da ta allura ce, ta gama aiki. Akwai masu cire ta ɗungurum wai don mota ta ƙara gudu. Tana ƙarawa kuwa, na ƴan watanni.

Baƙin mai ni kowane kilomita 3,000 bisa kiyasi nake juye shi, tare da matatarsa, ko da littafin mota ya yarda a wuce haka, don wanda ya rubuta littafin bai san hanyar Isawan ba. Sayi wanda ke cikin galan a rufe. Na kwalba da ake aunawa a bakin tasha, Allah kaɗai ya san injin nawa ya ratsa kafin ya zo gare ka.

Sai zafi, kuma nan zan daɗe, don shi ne ya taɓa sa ni kuka da idona. Wata kaka ce, cikin zafin nan na Oktoba, ina dawowa daga Urafan. Na ga allurar zafi ta haura rabi tana neman ja. Na ce saura kaɗan mu isa Tasawa, bari in lallaɓa. Ba mu isa ba. Tururi ya tashi, mota ta mutu. Ga rijiya kusa, na sa yara suka jawo guga, na kwarara wa injin ruwan sanyi yana tafasa. Wannan shi ne kuskure na biyu, kuma ya fi na farko muni. Injin nan na alminiyam ne, ba ya jure a gasa shi sannan a tsoma shi a sanyi. Kansa ya karkace, ruwa ya haɗu da mai. Da shanu biyu aka jawo ni zuwa gari, yara na bin mu suna tafi. Mota ta yi sati uku a gareji, kuɗin da na kashe ya kai na geron da zai ciyar da gidanmu wata da watanni. Da aka duba mafarin abin, ƙarangiya ce da ƴaƴan ciyawa suka toshe gaban lagireto, iska ba ta ratsawa, sai kuma wani ɗan tiyo da ya tsage, wanda kuɗinsa bai kai jaka biyu ba. Na ga tiyon ya kumbura tun sati biyu kafin ranar. Na ce sai gobe.

Don haka kowace safiya, kafin ka tada ta, injin na sanyi, buɗe ka duba ruwa, ka zaro sandar awon mai, ka matsa tiyoyin da yatsa, ka taɓa bel ɗin fanka ka ji ko ya saki. Leƙa ƙarƙashi ka ga abin da ta ɗiga cikin dare. Ƙasar da ta kwana a kai ba ta ƙarya. In allura ta tashi kan hanya, tsaya nan take, nemi inuwar gawo ka jira. Kada ka buɗe murfin lagireto yana da zafi, na san wanda fuskarsa ta saɓule a haka. Ruwan rijiya kuma yana barin farin dutse a ciki kamar na tsohuwar buta. In ba ka sami ruwan lagireto na kanti ba, tari ruwan sama da damina ka tace ka ajiye a jarka. Bayan kowace tafiyar daji, share gaban lagireton, ka kuma cire busasshiyar ciyawar da ta naɗe jikin salansa, don ita ce ke kama wuta.

Maganar man sha ta sauya a idona. Shekaru da yawa ruwa-ruwa muka sha, man kwalba da ke tsallakowa daga Najeriya, saboda araha. Matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a ƙarshen 2011, sannan Najeriya ta janye tallafin mai a Mayun 2023, arahar ta tafi. Duk da haka a ƙauye ba gidan mai, dole wata rana ka sayi na kwalba. Ɗaga ta ga haske tukuna, ruwa da laka ƙasa suke kwanciya. Zuba ta cikin tsumma mai tsabta, ka bar ɗan na gindin. Tankin lita 40 ne, kada ka saba barin sa ya kai ƙasa, don tsatsar shekaru tana can kwance tana jiran a zuƙo ta. Ajiye ƙaramar matatar mai guda a mota kullum. In ta fara shaƙewa tana tari a kan tudu, fara da ita kafin ka bar kowa ya kwance kafireto.

Yanzu ga abin da ya sa ake ce mata kat-kat, wanda direbobi da yawa ke ɓatawa da hannunsu. Ƙaramar giyar nan ta kusa da babba tana da 2H da 4H da 4L. A kan kwalta, daga Tasawa zuwa Gazawa da Agye har Maraɗi, 2H kawai. Motar ba ta da abin da ke raba gudu tsakanin ƙafafun gaba da na baya, saboda haka in ka haɗa huɗun a kan ƙasa mai tauri, ƙarafan suna murɗe juna a kowace kwana har wani ya karye. Rairayi da taɓo ne ke ba su damar zamewa. Kafin ka shiga yashi, ba bayan ka kafe ba, sauka ka juya makullan da ke tsakiyar ƙafafun gaba su koma kan LOCK, duka biyun. In ka fito ka mayar da su FREE. Giyar 4L kuwa sai mota na tsaye cik ake sa ta. Ko ba ka je daji ba, sau ɗaya a wata kulle su ka yi ƴar tafiya a kan yashi don mai ya zaga. Ƙarfen da aka bari zaune ya fi mai aiki saurin lalacewa.

In ka kafe, kada ka yi ta taka totur, kabari kake haƙa mata kana ƙona kuloci. Sauka, rage iskar taya, kwashe yashin gaban ƙafa da shebur, shimfiɗa kara ko tsohuwar tabarma, ka fita a hankali. Masu faci sun saba da manyan motoci, sai su ɗura mata kilo uku, ta riƙa tsalle a kan gargada kamar ɗan akuya, sifirin na karyewa. Ni ban wuce kilo ɗaya da rabi zuwa biyu ba, a yashi mai zurfi kuma in sauko kusa da ɗaya, in na hau kwalta in mayar da famfon hannu. Tayoyin huɗu su zama girma ɗaya. Ƙayar aduwa da kututturen gona ba su san mai gaggawa ba, don haka safaya ta kasance da iska.

Da damina in Gulbin Kaba ya kawo ruwa ko fadama ta cika, kada ka shiga ruwan da ba ka taka da ƙafarka ba. In ka ratsa mai zurfi, washegari a kwance maƙoshin man giya da na ƙafafun gaba da baya a duba. In man ya koma fari kamar an dama fura da nono, ruwa ya shiga, a juye shi ranar. A kuma cika giris a duk mahaɗa. Gwiwoyin ƙafafun gaba su ne raunin wannan ƙira in ta tsufa: ranar da ka ji sitiyari na karkarwa a hannunka, ko ka ga baƙin giris na tsiyaya a bayan taya, kada ka kai Juma'a ba ka gyara ba.

Birki ba a yi masa dabara. Kada ka yarda a zuba maka ruwan omo a madadin man birki, kada kuma a ɗaure fis da waya.

Kaya kuwa, na san dangi. Ranar kasuwa kowa zai zo da buhunsa, wannan gero, wancan wake, ga tunkiya, ga gwaggo da jikokinta. Koyi cewa a'a da murmushi. Buhu uku da kai, ta cika. Kuma kada ka ɗora nauyi a sama. Motar doguwa ce siririya. Tun a 1988 mujallar Consumer Reports ta Amurka ta ce irinta, wadda can ake kira Samurai, tana saurin kifewa in an karya kwana da gudu, har kamfanin ya kai ƙara kotu. Ko wa ke da gaskiya a cikinsu, ni shekara talatin ban taɓa kifewa ba, don ban wuce 80 a kan kwalta ba.

Nemi bakanike ɗaya ka riƙe shi, dattijo wanda ya girma da kafireto, mai kasa kunne ga injin kafin ya ɗauki sifana. Wanda ya fara kwancewa kafin ya tambaye ka abin da ka ji, ɗauke motarka ka yi gaba. Zauna wurin in ana aiki, ba don zargi ba, don ka koya, kuma ka karɓi tsohon abin da aka cire. Biya shi hakkinsa ba tare da ja-in-ja ba, shi ne zai hau babur ya same ka a daji tsakar dare.

Kayan gyara su ne wahalar tsohuwar mota. Abin da babu a Tasawa sai Maraɗi, abin da babu a Maraɗi sai Katsina ko Ƙofar Ruwa a Kano, ta Ɗan Isa da Jibiya. In za ka aika, aika da tsohon a hannu, don abin da muke ce wa buji nan, can fulogi ne, kuruwa kuma bel, suna ɗaya yana iya jawo maka asarar sati. Sau da yawa tsohon asali ɗan Beljiyam ya fi sabon jabu mai ƙyalli a kwali, sai dai bel da tiyo da kayan birki, waɗannan sababbi kawai. Kuma ka tuna iyaka tana rufuwa: an rufe ta a Agustan 2019 har ƙarshen 2020, an sake rufewa bayan Yulin 2023. Waɗanda ba su ajiye komai ba motocinsu sun zama akurkin kaji. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abu ɗaya ne a jikinta ba ya gargaɗi, bel mai haƙora da ke ɓoye a gaban injin. Yana tsinkewa ne kawai, inda ya ga dama. Agogon kilomita ya daɗe da mutuwa, shi ya sa na riƙe littafi. Yana cikin aljihun gaba, mai jan bango, duk abin da aka sauya da ranarsa yana ciki. Ci gaba da rubutawa daga inda na tsaya.

Da na duba shi da taimakon ƙanenka kafin ka ɗauki motar, mun ga bel ɗin nan ya shekara biyar, tiyon ƙasa na lagireto kuma tun kafin aurenka ne. Ga gajimare ya fara haɗuwa a gabas. Kawo ta ranar Asabar da hantsi, ka zo da tabarma, mu shiga ƙarƙashinta tare in nuna maka da hannu abin da idona ya daina gani. Allah ya tsare hanya, ya yi maka albarka.