Idan na sake ta, wa zai riƙe yaran?

Tambaya: Aurenmu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. 'Ya'yanmu uku, gidan kuma ni na gina. Mene ne haƙƙina?

Amsa: Malam, kotunan Shari'a na Arewa mazhabar Malikiyya suke bi, kuma a can renon yara na uwa ne: namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji. In ta auri bare, riƙon ya koma hannun mahaifiyarta. Maza da yawa sai a gaban alƙali suke jin wannan, ido ya raina fata.

Amma ba a cire ka ba. Kai ne waliyyi: tarbiyya, zaɓen makaranta da aurar da 'ya naka ne, ba kuma mai hana ka ganinsu. Ci, sutura da magani ma a wuyanka suke.

Gida naka ne, sai dai in ta zuba kuɗinta a ginin tana da shaidu. A ciki za ta yi idda, kana ciyar da ita in sakin mai kome ne ko tana da juna biyu. Sadaki da kayan ɗaki, har cokali, nata ne.

Adana takardar filin da rasit ɗin siminti, ka tura manya tun kafin ka ɗauki biro.